Iya Laraba, Mai Zanar Ɗakin Yara

Duk mai fita da sassafe a Rano ya san ta. Da an shafa addu'ar asuba, gari bai gama wayewa ba, za ka hangi wata dattijuwa gajera kakkaura ta ɓullo daga lungu, ƙwarya a ka, buta a hannu, tana ɗan ɗingishi saboda gwiwar hagu da ta daɗe tana yi mata tsiya. Ba ta tsayawa doguwar gaisuwa. In ka ce mata ina kwana, tana tafe take amsawa, ta ce ka yi haƙuri 'ya'yanta na jira. Baƙo sai ya ɗauka wata mai gida cike da jikoki ce. Alhali 'ya'yan da take nufi suna kwance ne a ɗakin yara na asibitin En'e, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da ta haifa.

Wannan ita ce Iya Laraba, mutuniyar Lausu, wadda ta ajiye aiki a ƙarshen watan jiya bayan shekara ashirin da 'yan kai tana jinyar 'ya'yan mutane. An yi mata 'yar walima a gindin darbejiyar asibiti, an sha koko da ƙosai, an yi addu'a, an watse. Mu dai muka ga wannan bai isa ba, shi ya sa muka ɗauki alƙalami.

Abin da ke cikin ƙwaryar nan gasara ce. Da isarta sai ta hura wuta a murhun bayan ɗaki, ta ɗora tukunyar tafasa allurai a gefe guda, ta kunu a ɗaya gefen. Kafin ruwa ya tafasa ta bi gadaje ɗaya bayan ɗaya, tana ɗora bayan hannunta a goshin yaro, tana buɗe masa ido, tana shinshina bandeji. Amma tambayarta ta farko ba ta yaron ba ce. Uwar take dubawa ta ce, ke kin ci abinci? In uwar ta fara kame-kame, to ta shiga uku, don Iya Laraba ba ta iya faɗa a hankali ba. Za ta zazzage ta tas, ta ce in ta faɗi wa zai ɗauke ta, gadajen nan na yara ne, ba su ɗaukar manya. Tana faɗan tana zuba mata kunu a ƙoƙo.

Ba da sha'awa ta shigo aikin nan ba. Zamanin da ake ɗibar soja zuwa yaƙin Bama mijinta ya rasu, ta dawo gaban iyayenta. A lokacin an daɗe ana neman macen da za ta riƙa taimaka wa malamin asibiti, saboda matan aure ba su yarda namiji ya duba su, ba su kuma yarda su bar 'ya'yansu a hannunsa. Aka nema har aka gaji. Mutane cewa suke aikin marasa mafaɗi ne, wace 'yar mutunci ce za ta yini tana wanke gyambon baƙi. Laraba ta ce ita za ta. Aka kai ta Kano wajen wata Sisita Baturiya ta yi 'yan watanni, ta dawo da farin kallabi biyu da iya riƙe allura. An yi shekaru wasu dangin ba su cin abincin hannunta. Yau 'ya'yan waɗannan dangin da yawansu ita ta tashe su daga gado, ba ta kuma taɓa yi wa kowa gori ba.

Abubuwan da mutane suka gani da idonsu suna da yawa. Maganin da duk za ta ba yaro, sai ta fara ɗanɗana shi a gabansa, ta yamutsa fuska ta ce kai, wannan abu da ɗaci yake, amma ga shi ta sha ba ta mutu ba. Ba ta taɓa ce wa yaro allura ba zafi. Cewa take da zafi, ka riƙe ni ka yi kukanka, yanzu za a gama. Wani malami daga Zinyau ya taɓa kawo 'yarsa tana fama da zazzaɓi, ya ce shi fa ban da ƙwayar Nasara, rubutu zai ba ta. Iya Laraba ba ta yi musu da shi ba. Ta ce Malam ya wanko rubutun, ai dama ana neman ruwan da yarinya za ta haɗiyi ƙwaya da shi, wane ruwa ne ya fi wannan albarka? Malam ya yi murmushi, ya aika aka ɗauko allo. Matan Fulani kuwa, da suke zuwa a tsorace ba su jin Hausa sosai, ta koyi 'yan kalmominsu na lallashi, tana kwaɓa su yadda ta ga dama, su yi ta dariya har su saki jiki. In kuma Allah ya karɓi yaro, ita ke rufe masa ido, ita ke riƙe uwar, kuma ba ta barin mace ta kama hanyar ƙauye ita kaɗai da gawa a baya. Ko da aiki ya yi mata yawa sai ta samo wanda zai raka ta.

Ke ce uwar marasa lafiya, Laraba ta Lausu. Ke ce mai goya ɗan wata don uwarsa ta runtsa.

Amma in ana maganar Iya Laraba a Rano da Kibiya, labari ɗaya ne kowa ke fara kawowa, shi ne na zana.

A bazarar shekarar da aka samu mulkin kai, baƙon dauro ya shiga ƙauyukan Kibiya ya yi ɓarna. Ɗakin yara ya cika har ana shimfiɗa tabarmi a ƙasa. Wata rana wajen azahar, rana na dukan tsakar ka, sai ga wani manomi mai suna Sallau ya jawo jaki daga wani ƙauye bayan Kibiya. Wadda ke kan jakin gwaggonsa ce, wata tsohuwa ana ce mata Tani, ta rungumo yaro a zane. Can baya, da ɗan nisa, wata matashiya ce ke biye da su da ƙunshin kaya a ka, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

Yaron ɗan Sallau ne, sunansa Ƙasimu, bai wuce shekara huɗu ba. Ƙurajen sun fito sun koma, amma sun bar masa baki duk miki, idanu sun kumbura, ga gudawa ta tsotse shi har fatar cikinsa in ka ja ba ta komawa. Malam Ishiyaku, malamin asibitin, ya duba shi ya yi masa allura. Ya ja Iya Laraba gefe ya ce mata allura za ta yi nata, amma in ruwa da kunu ba su shiga cikin yaron nan ba, ba zai kai ko'ina ba. Kai shi Kano kuwa ba zance ba ne, ko an samu mota ba zai jure hanyar ba.

Tani ta gwada ba shi, ya datse haƙora. Iya Laraba ta karɓa, ta yi duk dabarun da ta sani, ta ɗanɗana, ta yi masa wasa, ta yi lallashi, ta ɗiga masa da tsinken cokali a gefen baki, ya furzar. Abu ɗaya yake yi, ya juya kai wajen ƙofa, da muryar da ba ta fita sosai yana cewa Ramlatu, Ramlatu. Iya ta tambaya wace ce Ramlatu. Tani ta nuna ƙofa da baki, ta ce uwarsa ce, ai ɗan fari ne.

To, kowa ya san yadda ake da ɗan fari a wajenmu. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, ba ta nuna ta san da shi. Da an yaye shi sai kaka ta ɗauke, shi ke nan ya zama nata. Ya tashi yana kiran uwarsa da sunanta kamar yadda ya ji 'yan gida na yi. Wadda ta fi kau da kai ita ake yabo, a ce 'yar gidan wane akwai kunya. Ba mu ce wannan aibi ne ba, shi muka tarar, da shi aka rene mu. Sai dai kakar Ƙasimu da ta riƙe shi, Kulu, ta rasu tun lokacin girbi, kuma Tani ba ta daɗe da karɓarsa ba, bai saba da hannunta ba. A duk duniya fuskar da ta rage masa ita ce ta matar nan da ke wucewa ta gabansa a tsakar gida ba ta kallonsa, amma in ba kowa ta tura masa ɗan ƙuli-ƙuli a hannu ta yi gaba. Ƙari a kan haka, ƙanwarsa da ke bin sa cutar nan ta ɗauke ta kwanaki kaɗan kafin su taho. Shi kaɗai ya rage wa Ramlatu.

Ramlatu ta samu wuri a bakin ƙofa daga waje, ta jingina da bango, ta ba ɗakin baya. Iya Laraba tana aikinta tana satar kallonta. Ta ga yarinyar tana tsinkar bakin tabarma da farce, amma da Ƙasimu ya yi tari sai hannun ya tsaya cak, ba ya ci gaba sai tarin ya lafa. Ta ga ƙoƙon kunun da ta ba ta yana nan yadda yake, ƙudaje sun rufe shi. Shi kuma Sallau ya ɗaure jakinsa ya zauna can gindin darbejiya. Duk wanda ya fito daga ɗakin sai ya tashi ya ce ya masu jiki, duka-duka, kamar wanda ya zo gaida jama'ar gari.

Washegari yaron ya ƙara lafƙewa. Malam Ishiyaku, wanda shi kansa yana da ɗan farin da bai taɓa kiran sunansa ba, ya san inda matsalar take. Ya roƙi Tani ta bar uwar ta shigo. Tani ta ce ita fa ba ta hana ba, ga ta nan a tambaye ta. Ya fita ya ce wa Ramlatu, a gaban kowa, ta taimaka ta zo ta ɗauki ɗanta. Wayyo! Kamar ya watsa mata ruwan zafi. Ta ja mayafi ta rufe fuska gaba ɗaya, ta tashi ta zaga bayan ɗaki da sauri. A cikin ɗakin akwai matan ƙauyensu biyu da su ma ke jinya, ɗaya ta ce ƙasa-ƙasa, ai da wuya, a gaban gwaggon miji? Ba da mugunta ta faɗa ba. Amma kowa ya san in Ramlatu ta rungumi yaron nan a bainar jama'a, labarin zai riga ta isa gida, kuma za a daɗe ana yi mata shi a wajen biki da bakin rijiya.

Iya Laraba ta ajiye abin da ke hannunta ta bi ta. Ta same ta durƙushe a bayan randunan ruwa, ta cusa bakin mayafi a baki ta cije don kada a ji kukanta. Duk wanda ya san Iya ya ɗauka faɗa za ta yi. Ba ta yi ba. Ta lallaɓa da gwiwar nan tata ta zauna a ƙasa kusa da ita, ta bar ta ta yi mai isarta. Da kukan ya lafa Ramlatu ta ce, ba tare da ta ɗago ba, da ƙaramar ta rasu an bar ta ta yi kuka, an ma taya ta, amma wannan ko kallonsa ba ta da ikon yi, kuma tana ji yana kiranta.

Sai Iya Laraba ta faɗi abin da ko abokan aikinta ba su taɓa ji daga bakinta ba.

"Nawa ɗan farin a ɗakin uwar mijina ya yi jinya. Ina tsakar gida ina daka, ina jin numfashinsa. Ban shiga ba. Ina riƙe da taɓarya aka fito da shi a tabarma. Har yau in na je Lausu tsofaffi suna yaba mini kunyar da na yi ran nan." Ta share fuska da gefen zane. "Ba na so a yaba miki irin wannan yabon, 'yar nan."

Ramlatu ta ce to yaya za ta yi. Iya ta ce ta wanke fuska ta koma inda take zaune, kome ta ji kada ta yi musu.

Daga nan Iya Laraba ta nufi gindin darbejiya. Ta ce wa Sallau zaman ya isa haka, ga aiki. Ta kwatanta masa gidanta, ta ce ya je ya kwance zanar da ta kare madafinta, sabuwa ce, ya ɗauko ta da itatuwanta. Bawan Allah ko tambaya bai yi ba. Mutumin da ya yini biyu hannunsa ba abin yi, ai da gudu ya tafi. Mutanen Rano suka ga baƙo ya ratsa gari da zana a ka cikin tsakar rana, gumi na zuba, suna tambayar juna ko gobara aka yi.

Aka ja gadon Ƙasimu zuwa lungun ɗaki, aka kewaye shi da zana. Iya Laraba ta tsaya a tsakiyar ɗakin ta ɗaga murya yadda har na waje zai ji. Ta ce hasken nan yana cin idon yaron, ga ƙudaje, dole a kare shi. Kuma dole a samu mai zama a ciki yana yi masa fifita yana ɗiga masa kunu ba ƙaƙƙautawa, ita kuwa ga yara cike da ɗaki, hannunta biyu ne. Ta dubi Tani ta ce, Gwaggo, na ga kamar bayan nan naki ba zai iya dogon zama ba. Tsohuwa ta dube ta, ta dubi zanar, ta dubi ƙofa. Allah ya yi wa Tani albarka, nan take ta dafe ƙugu ta ce wallahi kamar Iya ta sani, tun hawan jakin nan ƙugunta bai bar ta ta runtsa ba.

Iya ta yi ta waige-waige kamar mai neman wanda za ta sa, har idonta ya faɗa bakin ƙofa.

"Ke 'yar Kibiya, zaman me kike yi a nan? Taso."

Ramlatu ta taso tana harɗe ƙafa, kanta a ƙasa. Iya Laraba ta zaro farin kallabinta na biyu daga ƙugu, ta ɗaura mata a ka a gaban kowa, ta ja kullin da ƙarfi.

"Daga yau na ɗauke ki aiki. Ban ce ki ɗauki ɗan kowa ba. Wancan na bayan zana majinyacina ne, na En'e ne, ke kuma ma'aikaciyata ce. In na leƙo na ga ƙoƙon nan da kunu, ni da ke ne. Wuce."

Ramlatu ta karɓi ƙoƙo da mafici ta shige bayan zana. Matan ƙauyensu suka dubi juna, sai ɗayar ta gyara goyo ta ce ai aikin asibiti ba a ƙin sa, hukuma ce. Ɗayar ta ce ƙwarai kuwa. Magana ta ƙare a nan.

Iya Laraba ta tsaya a bakin zanar ta ba ta baya, tana naɗe bandeji, kunnenta na ciki. Da fari ba ta ji komai ba. Sai ta ji gado ya yi ƙara, alamar an zauna an ɗago yaro. Sai ta ji kiran nan na Ramlatu, Ramlatu, da ya yini biyu yana yi, ya tsaya. Can sai ga 'yar ƙarar haɗiya. Iya ta ce bandejin da ke hannunta sai da ta sake naɗe shi, don ba ta ganin abin da take yi.

Kada mai karatu ya ɗauka shi ke nan an warke. Na farkon da ya sha ya amayar. Iya ta tura wani ƙoƙon ta ƙarƙashin zana, ta ce kaɗan-kaɗan, kamar ana ba ɗan tsako. Aka yi ta yi. Kashegari kuma zazzaɓi ya taso masa da ƙarfi, numfashi ya riƙa fita sama-sama. Tani ta leƙa ta gani, ta fito ta fara ɗaure kaya. Ta ce ta ga irin wannan da yawa, gara a kai shi gida ya cika a ɗakin kakansa, kada a ce sun bar shi ya mutu a hannun hukuma. Ba ƙiyayya ba ce, iyakar abin da ta sani ke nan na mutunta mai mutuwa. Iya Laraba ta tsaya a ƙofa ta cika ta, ta ce rai na hannun Allah, ba ta yi wa kowa alkawari ba, amma in aka ɗora yaron nan a jaki cikin ranar nan, ko Kibiya ba za a kai ba. Aka kira Sallau ya raba gardama. Ya tsaya tsakanin gwaggonsa da Iya, ga shi ba ya iya buɗe baki a kan ɗan fari a gaban 'yar uwar ubansa. Ya yi ta murza hularsa. Can sai murya ta fito daga bayan zana, a hankali amma kowa ya ji.

"Iya, ya karɓi cokali uku yanzu. Majinyacin naki."

Sallau ya dubi ƙasa ya ce abin da Iya ta gani shi ne daidai. Tani ta kwance ƙunshinta ta zauna, ta jawo carbi.

Ramlatu ba ta fito daga bayan zanar nan ba sai don alwala. A kwanakin nan duk ɗakin ya zama makafi da kurame. In an ji 'yar waƙar reno tana fitowa ƙasa-ƙasa daga lungu, sai mata su ɗaga murya da hirar tsadar gero. Malam Ishiyaku in zai yi allura sai ya tsaya nesa ya yi gyaran murya, ya yi sallama kamar mai shiga gidan surukai, ya jira a kimtsa. Tani ta tuna tana da 'yan uwa a cikin gari da ta daɗe ba ta gaisar ba, kullum da hantsi ta fice sai la'asar. Iya Laraba kuwa in ta fito zubar da ruwa sai ta tsaya kusa da darbejiya, ta kalli sama, ta ce wa iska mai zana yau ya sha ƙoƙo guda, gudawa ta tsaya. Sallau yana can yana gyara wa jakinsa igiya, bai ji ba, sai dai ka ga kafaɗunsa sun sauka.

Wata safiya ana cikin rabon kunu sai aka ji wata 'yar murya a shaƙe daga bayan zana tana cewa shi ba ya son kunu, rogo yake so. Ɗakin ya kwashe da dariya, wasu na dariyar suna share ido. Iya Laraba ta ce ji ɗan banza, jiya-jiya muna roƙonsa ya haɗiyi ruwa, yau har ya san zaɓe. Ta aika aka nemo rogon.

Ranar sallama Tani ta goya Ƙasimu, Sallau ya kwance jaki. Ramlatu ta fito daga bayan zana, ta kwance farin kallabi ta ninke shi, ta ja mayafinta ta rufe rabin fuska kamar yadda ta zo. Yaron ya miƙo hannu daga bayan Tani, ta kau da kai ta ɗauki ƙunshin kaya. Kowa ya koma matsayinsa. Sai da su Tani suka yi gaba ta dawo da baya, ta durƙusa a gaban Iya Laraba ta miƙa mata kallabin da hannu biyu. Iya ta ce ta tashi, ma'aikaciyar da ba ta iya fifita ba, ta sallame ta. Ramlatu ta yi dariya hawaye na zuba. Ta waiga ta tabbata ba mai ji, sannan ta matso ta raɗa mata.

"Iya, ashe wushirya gare shi. Irin tawa."

Tun da aka yaye shi ba ta samu ta kalli fuskarsa da kyau ba sai a bayan zanar nan.

Zanar ba ta koma gidan Iya Laraba ba, madafinta ya daɗe a buɗe tana girki kaji na shiga. Daga wannan shekara lungun nan ya zama na 'ya'yan fari, in zana ta ruɓe a sa wata. Mata nawa aka ɗauka aiki a wurin, ba wanda ya lissafa, kuma ba mu ji an taɓa yi wa ko ɗaya gori a ƙauye ba. Har maza an gani, magidanta da gemunsu, sun faki ido sun shige, sun fito suna cewa sun je duba ko zanar na bukatar gyara.

Iya Laraba, mun gode. Ke ce kika ga abin da muke gani kullum muna wucewa. Ba ki zagi al'adarmu ba, ba ki kunyata kowa ba, ba ki kuma bar yaro ya mutu yana kiran uwarsa tana jin sa ba. Abin da aka hana ki, shi kika yi ta ba 'ya'yan wasu, shekara da shekaru, da gwiwa mai ciwo da bakin nan naki mai faɗa. Ba mu da abin biyanki. Allah ya ba ki lafiyar cin fanshonki, ya sa ki gama da duniya lafiya, ya haɗa ki da naki ɗan a inda ba mai hana ki ɗaukarsa.

Ku kuma 'yan matanmu da ake turawa Kano koyon jinya yanzu, za ku dawo da ilmin da Iya ba ta samu ba, muna murna da haka. Amma in kun shiga ɗaki kun duba na kan gado, ku waiga ku duba wadda ke zaune a bakin ƙofa ta ba da baya. Ku tambaye ta ko ta ci abinci. Iya tana nan a gidanta, ƙofarta a buɗe, ku je ku zauna ta koya muku sauran, in kun iya jure faɗa.

Ƙasimu yana makarantar firamare a Kibiya yanzu, an ce ba ya jin magana ko kaɗan. Uwarsa har yau ba ta kiran sunansa. In ya dawo daga makaranta ya yi sallama, tana daga ɗaki take amsawa, ba ta ko ɗago kai, amma tana jin shigowarsa.